Jagora ga ma'aikacin da zai tare a masaukin ɗaliban jami'a a Maradi

Ma'aikacin ofis yana rufe ƙofa da yamma ya koma gida, matsalar da ta taso bayan tafiyarsa kuma sai ta jira wayewar gari. Wanda aka ba ɗaki a cikin masaukin ɗalibai, wurin da su ɗaliban ke kira site, ba ya da wannan damar, domin wurin aikinsa shi ne wurin kwanansa, mutanen da yake tsawata wa da rana kuma su ne maƙwabtan da zai haɗu da su a bakin famfo da asuba. Na yi shekaru ina wannan aiki, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da nake ba duk sabon da aka turo mini, tun daga ranar da aka yi masa tayin aikin har zuwa ranar da zai karɓi mabuɗan ƙarshen shekara.

Tun da aka mai da Maradi garin jami'a a 2010, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke karɓar ɗalibai daga Tasawa, Dakoro, Mayahi, Madarumfa, Gidan Rumji na jihar Maradi, da kuma sauran jihohin ƙasa, ga kuma jami'o'i masu zaman kansu da ke jawo yara har daga Najeriya. A jami'o'in gwamnati, sha'anin kwana da abinci da sufuri da lafiyar ɗalibi yana hannun cibiyar CROU ne, alhali karatu yana hannun hukumar jami'a, kuɗin tallafi kuma hukumar ANAB ce ke biya. Sabon ma'aikaci ya riƙe wannan rabo da kyau, domin rabin ƙorafin da za a kawo masa cikin dare na wani ofishi ne, kuma taimakon da zai iya yi shi ne ya faɗa wa ɗalibi ƙofar da zai ƙwanƙwasa da safe.

Mataki na farko: kafin ka amsa

Ɗakin kyauta da wuta da ruwa suna da jan hankali, musamman ga matashin da ke biyan haya a Ali Dan Sofo ko Zariya. Kada wannan ya hana ka neman sharuɗɗan aikin a rubuce. Ka tambayi dare nawa ne naka a mako, wane ne zai canje ka ranar hutunka, wa za ka kira idan abu ya fi ƙarfinka da ƙarfe biyu na dare, kuma ko iyalinka za su iya zama tare da kai. Ka tambayi matsayin ɗakin kansa: idan aikin ya ƙare, kwana nawa za a ba ka ka kwashe kayanka? Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako da hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako, amma aikin tsaro da jiran ko-ta-kwana yana da nasa lissafin, ma'aikacin gwamnati kuma yana da nasa ƙa'idojin, saboda haka ka nemi a fayyace maka rukunin da ka faɗa ciki, ka kuma tabbatar an yi maka rajista a CNSS, asusun fansho da tallafin ma'aikata na ƙasa, idan kwangila ce. Abin da ba ka tambaya ba kafin ka tare, da wuya ka same shi bayan ka shimfiɗa katifa.

Mataki na biyu: makon farko, ka san ginin kafin ka san mutanen

Ka samu tsohon mai gadi da mai gyaran wuta da mai gyaran famfo, ka bi su lungu-lungu da littafi a hannu. Abubuwa huɗu ne nake so sabon ma'aikaci ya iya zuwa wurinsu cikin duhu ba tare da tocila ba: babban makunnin da ke yanke wutar kowane gini, makullin ruwan da ke sauka daga shato (babban tankin ruwa na sama), tukwanen kashe gobara, da ƙofofin fita. Ka duba ranar da aka rubuta a jikin kowace tukunyar kashe gobara, ka duba ko allurarta tana kan kore. Idan ka tarar da ƙofar baya an ɗaure ta da sarƙa saboda tsoron ɓarayi, ka san inda mabuɗin yake kwana, ka kuma rubuta wa shugabanka cewa ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki haɗari ce.

Daga nan sai mabuɗai. Kowanne a manna masa lamba, a rataye shi a akwati mai kulle, kuma duk wanda ya fita a rubuta sunan mai karɓa da lokaci da sa hannu. Na taɓa miƙa mabuɗin wani ɗaki ga abokin mai ɗakin saboda ya ce an aiko shi ya ɗauko littafi, ban rubuta ba, da yamma kuma aka nemi kwamfuta aka rasa. An gano ta daga baya, amma kwana uku na yi ina ganin zargi a idon yaran da da can suke gaishe ni da fara'a. Tun daga ranar ban sake buɗe ɗakin wani ba sai yana tsaye, ko kuma da shaidu biyu da dalili a rubuce.

Ka kammala makon da ƙidayar kaya ɗaki-ɗaki: gado, katifa, fanka, ƙwan fitila, gilashin taga, ƙyaure da kwaɗonsa. Ka ɗauki hoto da waya. Wannan takarda ita ce za ta raba gardama a ƙarshen shekara.

Mataki na uku: rabon ɗakuna

Nan ne sunanka zai gyaru ko ya ɓaci, kuma cikin mako biyu na farkon shekara ake gama hukunta ka. Gadaje ba sa isar masu nema, don haka za a zo maka ta kowace hanya: ɗan garinku, ɗan aminin mahaifinka, malamin da ya koyar da kai, har da wanda zai ajiye ambulan a kan tebur ya ce na goro ne. Amsarka ga kowa ta zama ɗaya, wato jerin sunaye yana fitowa ne daga ofis bisa sharuɗɗan da aka kafe a allo, kai kuma aikinka ka miƙa mabuɗi ga wanda sunansa ya fito. Idan kana da hannu a tsara jerin, ka nemi a yi shi gaban wakilan ɗalibai, a fifita masu naƙasa da ɗakunan ƙasa kusa da bayi, a kuma kafe sakamakon inda kowa zai karanta. Wanda bai samu ba zai yi fushi, amma fushin wanda ya ga an bi layi yana hucewa, na wanda ya ga an tsallake shi saboda sanayya kuwa yakan kai ƙarshen shekara.

Akwai wata gaskiya da takarda ba ta nunawa. Ɗakin da aka rubuta wa mutum biyu ko huɗu, sau da yawa za ka tarar ana kwana fiye da haka, saboda mai gado ya ɗauko ɗan garinsu da ba ya da inda zai sa haƙarƙarinsa. Ra'ayina a nan shi ne kada ka rufe ido, kada kuma ka fara da kora. Yaron da ya taso daga wani ƙauyen Dakoro ba shi da kowa a gari, idan ka fitar da shi da dare ba ka warware komai ba. Ka rubuta sunan duk mai kwana a kowane ɗaki a littafinka, ka sanar da shugabanka adadin na gaskiya, ka bar hukunci a hannun masu hukunci. Ranar da gobara ta tashi ko cuta ta ɓulla, tambayar farko da za a yi maka ita ce mutum nawa ne a ciki, kuma ba ka da uzurin cewa ba ka sani ba.

Mataki na huɗu: wakilan ɗalibai

Ɗaliban Nijar suna da ƙungiya mai tsohon tarihi, USN, wadda aka kafa tun 1960, kuma reshenta na jami'a yana da faɗa a ji a rayuwar site fiye da yadda baƙo zai zata. Ka je ka gabatar da kanka ga wakilansu tun kafin wata matsala ta haɗa ku, ka ji abin da ya fi damunsu, ka faɗa musu abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Ka san ranar 9 ga Fabrairu, ranar da suke tunawa da ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990, ka girmama ta. Lokacin yajin karatu, ba aikinka ba ne ka goyi baya ko ka hana. Aikinka ruwa ya zo, ƙofa ta buɗu, marar lafiya ya kai asibiti. Sai dai akwai iyaka guda da ba na sassautawa: wakilai suna iya taya ka kiyaye oda, amma duka da tsare mutum da ƙwace kaya ba hurumin kowane ɗalibi ba ne, kuma gara ka faɗi wannan a zaman farko cikin ladabi da ka faɗe shi a tsakiyar hayaniya.

Mataki na biyar: littafin aiki da zagayen dare

Ka sayi babban littafi mai lambobin shafi, ka rubuta a cikinsa kowace rana, ko da layi biyu ne. Kwanan wata, lokaci, abin da ya faru, wanda ka sanar, abin da aka yi. Ka rubuta abin da idonka ya gani da abin da aka faɗa maka, ka bambanta su, ka bar zato a waje. Famfon da ka kai rahotonsa sau uku ba a gyara ba, littafin ne zai nuna ka yi naka. Sirrin lafiya ko na iyali kuwa ba a sa shi a littafin da kowa ke buɗawa.

Zagaye biyu nake yi, ɗaya bayan sallar isha'i lokacin da 'yan shayi suka kafa fada a ƙofar gini, ɗaya kuma wajen tsakar dare. Na farkon na gaisuwa ne. Ka tsaya, ka karɓi kofin farko idan an miƙa, ka tambayi wanda ka ga ya rame ko lafiya, ka wuce kafin hira ta yi nisa. A nan ne za ka ji cewa bayin bene na biyu ya toshe, ko wane ya kwana biyu bai fito ba. Na biyun na kunne da hanci ne: ƙaurin waya, warin gas, ƙarar ruwa mai zuba, baƙuwar fuska a baranda. Ka riƙa sauya lokacin kaɗan don kada a haddace shi.

Mataki na shida: kowane lokaci da haɗarinsa

Daga Maris zuwa Mayu zafin Maradi yana haura digiri 40, wuta tana yawan ɗaukewa, ruwa yana ja baya, kuma a daidai lokacin ne haƙurin mutane ke ƙarewa. Ka tanadi randuna ko duro cike, ka tsara lokacin wanki, ka amince a kwana a waje bisa tabarma a wurin da aka keɓe mai haske. Ɗalibin da ya faɗi jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a nemi mota nan take; kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Gobara a masauki kusan kullum daga abu uku take fitowa: rishon lantarki ko abin dafa ruwa da aka manta a jone wuta ta ɗauke sannan ta dawo, waya ɗaya da aka ɗora wa kaya biyar, da kyandir ko maganin sauro na hayaƙi kusa da katifa. Ka koya wa kowane ɗaki cewa idan wuta ta ɗauke a zare komai. Idan ta kama, a fara yanke babban makunni, kada a watsa ruwa kan wayar da ke da wuta, a fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Idan warin gas ne, a buɗe tagogi, a rufe kan tukunya, kada kowa ya taɓa makunnin fitila. Lambar 'yan sanda 17 ce, amma shigo da jami'an tsaro harabar jami'a hukunci ne na shugabanni, don haka ka san tun da wuri wanda zai ba da wannan izini.

Rani, daga lokacin hunturu har zuwa faɗuwar ruwan farko, shi ne lokacin sanƙarau, kuma cunkoson ɗaki yana taimaka masa. Wani dare an buga mini ƙofa, yaro yana haki ya ce: "Baba, ka zo ka ga abokin kwanana, tun la'asar yake kuka da kai." Na tarar da shi ya juya wa fitila baya, jiki zafi, ya yi amai. Na ce: "Ɗana, sunkuyar da kai ka taɓa ƙirji da haɓa." Ya kasa. Abokansa suna cewa a ba shi farasitamol a bari gari ya waye, na ce a'a, muka sa shi a mota zuwa asibiti a daren, da safe kuma na kai wa ma'aikatan lafiya sunayen duk masu kwana a ɗakin. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba sa jiran safiya.

Da damina kuma masassarar cizon sauro ce, wadda ke tsananta daga Agusta zuwa Oktoba. Ka matsa a ɗaura sange, a cike kududdufai, a yi gwaji kafin a sha magani. Jihar Maradi ta ga annobar kwalara a 2018 da 2021, saboda haka mutum biyu ko uku masu amai da gudawa a gini ɗaya rahoto ne na gaggawa. Kafin a isa asibiti a fara ba su ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ka san masu ciwon da ke tashi ba sallama, irin su asma, farfaɗiya da sikila wadda muka fi sani da emasi, idan sun yarda su faɗa maka. Kai ba likita ba ne, kada ka raba magani. Abin da ake nema gare ka shi ne lambar ma'aikacin jinya, lambar direba ko ɗan adaidaita amintacce da zai ɗaga waya da dare, da lambar wani na gida.

Mataki na bakwai: rigima, sata da damuwar da ba a faɗa

Yawancin faɗan ɗaki a kan ƙananan abubuwa ne, wato fitila da dare, ƙarar waya, bashi, baƙi. Ka saurari kowa shi kaɗai, sannan ka haɗa su, kada ka yanke hukunci a baranda gaban jama'a, domin saurayin da aka kunyata gaban abokansa ba ya jin gaskiya ko da ya san ita ce.

Sata ta fi haɗari saboda taron da take tarawa. Da ka ji ihun ɓarawo, abin farko shi ne ka isa wurin ka shiga tsakanin wanda ake zargi da jama'a, ka kai shi ofis, ka kira shugabanka da wakilan ɗalibai. Ko da an kama shi da wayar a hannu, ransa amana ne a wuyanka. Wannan shi ne daren da gaisuwar da ka yi ta yi wata da watanni take amfani, domin taro yana ja da baya ga muryar da ya sani.

Akwai kuma wanda ba ya ihu. Idan kuɗin tallafi ya yi jinkiri, za ka ga yaron da ya daina zuwa gidan abinci yana cewa ya ƙoshi. Lokacin jarrabawa za ka ga wanda ya daina barci, ko wanda ya fara shan ƙwayar tiramol don ya jure karatu. Ka kira shi gefe, ka tambaye shi kai tsaye cikin taushi, ka haɗa shi da sashen jin daɗin ɗalibai ko na lafiya. Idan ɗalibi ya furta cewa ya gaji da rayuwa, kada ka ɗauke ta maganar yara, kada ka tsaya ga wa'azi kawai, kada ka bar shi shi kaɗai a daren, kuma ka gaya masa a fili cewa wannan sirri ne da dole ka kai ga wanda zai iya taimako.

Mataki na takwas: iyakokinka

Kada ka ranci kuɗin ɗalibi, kada ka ranta masa daga aljihunka da sunan bashi. Idan za ka taimaka da jaka ɗaya ko biyu, ka bayar kyauta ka manta, domin mai binka ko wanda kake bi ba za ka iya tsawata masa ba. Kada ka aiki ɗalibai hidimar gidanka. Namiji ba ya shiga ɓangaren mata sai da ma'aikaciya, sai da sallama, ƙofa kuma a buɗe. Ɗaliba ta zo da magana, a yi ta a ofis da rana ko gaban wata. Idan ta kawo ƙarar cin zarafi, ka saurara ba tare da tambayar me ta sa ko me ya kai ta ba, ka rubuta kalamanta yadda ta faɗa, ka miƙa ga hukuma a ranar, ko wane ne ake zargi. Soyayya tsakanin ma'aikaci da ɗalibar da ke ƙarƙashin kulawarsa cin amana ce, ko da niyyar aure ce, har sai ɗayansu ya bar wurin.

Ka kuma tsare naka hutun. Ka kafe a ƙofarka lokutan da ake samunka don al'amuran yau da kullum, ka bayyana cewa gaggawa kaɗai ke buga ƙofa bayan haka, ka kuma faɗi abin da ake kira gaggawa. Ranar hutunka ka fita daga harabar gaba ɗaya, ka je cikin gari wurin 'yan uwa, domin muddin ana ganinka, kana bakin aiki. Idan da iyali kake zaune, ka sanar da maiɗakinka cewa ba a ba ta saƙon aiki, yaranka kuma ba sa shiga ɗakunan ɗalibai.

Mataki na tara: rufe shekara

Wata guda kafin hutu ka kafe ranar miƙa mabuɗai. Kowane ɗaki a duba shi gaban masu shi da takardar ƙidayar farkon shekara, a bambanta abin da ya tsufa da abin da aka lalata, a sa hannu. Kayan da za a bari ajiya a ɗaure su, a rubuta suna da lambar waya, a ba mai su rasit. Ka tattara jerin gyare-gyare daga littafinka, ka jera su bisa haɗari, wayoyin wuta da rufin da ke yoyo da ramukan bayi a sama, ka miƙa shi tun ɗakuna suna wofi, saboda da zarar sababbin ɗalibai sun sauka da jakunkunansu, mai gyara ba zai sake samun ɗaki babu kowa ba sai wata shekarar.